Ƙidayar Uwayen Kifi a Tabkin Madarumfa: Abin da Makiyayi Ya Kamata Ya Sani

 Watakila ka yi mamakin ganin maganar kifi cikin takardar ma'aikatar kiwo. Kada ka yi mamaki. Ruwan da garkenka ke sha da rani, a cikinsa kifi ke hayayyafa da damina. Kuma gidaje da yawa na kewayen tabkin Madarumfa kamar murhu suke, duwatsu uku gare su: gona, dabba, da su. In ɗaya ya goce, tukunya ta tuntsure. Shekarar da kifi ya yi wuya, akuyar gida ita ke zuwa kasuwa don a sayi gero.

In buƙata ta kama ka za ka fitar da dabba, wace kake fitarwa? Bajimi, ko tsohuwar saniya wadda ta daina haihuwa. Ba ka kai mai ciki kasuwa sai dole ta yi dole, domin ka san matan garke su ne garken baɗi. Kuma ka san adadinsu, ko cikin dare aka tashe ka. To, masunci shi ma garke gare shi, amma fa ba ya ganinsa. Yana ƙarƙashin ruwa. Yana iya cinye uwaye ƙaf bai sani ba, har ma yana murna kamu ya yi kyau. Maganar da za mu yi ke nan: yadda ake ƙiyasta uwayen kifin da suka samu suka zuba ƙwai, kafin a yanke shawarar yawan abin da za a kama a sayar.

Tabkin da ruwansa

Tabkin Madarumfa yana kudu da Maradi, tafiyar kilomita 20 da ƴan kai. In ya cika da damina faɗinsa na kusan hekta 800, sa'an nan ya riƙa janyewa har bazara. Gulbin Gabi na zuba cikinsa, Gulbin Maradi ma yana ba shi nasa rabo in ya yi ambaliya. Kowa ya san shi da kushewun waliyyai 99 da ake ziyarta a kewayensa. A watan Disamba na 2019 kuma an sa shi cikin jerin wuraren ruwa masu daraja na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Gulbin Maradi daga Najeriya yake fitowa, ya biyo ta Jibiya, ya ratsa ƙasarmu, ya sake komawa can ya haɗu da Gulbin Rima. Wajen 1990 aka gama madatsar ruwa ta Jibiya a jihar Katsina, kuma a ranar 18 ga Yuli 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar rabon ruwan da suka yi tarayya, har da na wannan gulbi. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, gulbin da aka datse ba ya yin ambaliya yadda ya saba. Ga kuma yashi da laka da ruwa ke kwasowa daga gonaki da dajin da aka sare, suna cike gindin tabkin sannu a hankali. Kifi kuwa da sabon ruwa yake haihuwa. Shi ya sa duk ƙidayar kifi daga auna ruwa take farawa.

Yadda kifinmu ke haihuwa

Ɗauki tarwaɗa. Duk rani tana cikin zurfi tana tara ƙwai. Ran da aka yi ruwa mai ƙarfi, tabki ya tashi ya shiga cikin ciyawar gefe, sai ta fito cikin dare, mace da namiji, su hau har inda ruwa bai wuce gwiwa ba. A can take zuba ƙwai, ya manne jikin ciyawa. Ƙwan ƙanana ne, ba su kai ƙwayar gero ba, kuma uwa mai kilo ɗaya tana ɗauke da dubbai masu yawa. Cikin kwana ɗaya ko biyu sun ƙyanƙyashe. Ba ta tsare su. Ciyawar ita ce uwarsu, ita ke ɓoye su daga manyan kifaye. A irin wannan dare tarwaɗa ba ta da wayo ko kaɗan. Yaro da sanda ma sai ya cika buhu. Kifin da ke cikin buhun nan kuwa, duk masu ciki ne.

Karfasa dabam take. Namiji ke haƙa ɗan rami kamar akushi a inda ruwa ba zurfi, mace ta zuba ƙwai a ciki, sa'an nan ta kwashe shi cikin bakinta. A bakin yake ƙyanƙyashewa, kuma tana riƙe da ƴaƴan mako ɗaya zuwa biyu, ba ta cin abinci. Ƙwanta bai da yawa kamar na tarwaɗa, ɗaruruwa ne, babbar uwa ta kai dubu ɗaya ko biyu, amma tana maimaitawa sau da dama muddin ruwa na da ɗumi. In ka kama karfasa ka ga ta tofar da ƴan ƙwai rawaya daga baki, ka san abin da ka kama.

Bargi kuma sheƙa yake yi kamar tsuntsu. Yana share ciyawa ya yi da'ira mai faɗin kamu biyu a cikin ruwa marar zurfi, ya zuba ƙwai a tsakiya, iyaye suna gadi. Wanda ke kora shanu ta cikin fadama ya fi kowa ganin waɗannan sheƙuna. Gaiwa, wadda ke kwana cikin busasshiyar laka duk rani, ita ma a cikin ciyawar gefe take rami, namiji ya tsare ƙwai.

Ka lura da abu ɗaya: dukansu a bakin ruwa suke haihuwa, ba a tsakiya ba, kuma yawancin haihuwar tsakanin Yuni ne da Satumba. Watau ɗakin haihuwar kifi shi ne daidai inda kofaton saniyarka ke takawa.

Yadda ake yi a wata ƙasa

Akwai inda aka mai da wannan ƙidaya aikin gwamnati, kuma akwai abin koyo a ciki. A jihar Alaska ta Amurka, ƙasar ƙanƙara, akwai wani babban gulbi, Yukon, wanda ke fitowa daga Kanada ya zuba cikin tekun Bering. Akwai wani kifi a can daga dangin salmon, ana ce masa cam. Mutanen wurin suna busar da shi su ci da hunturu, su kuma ciyar da karnukan da ke ja musu kaya bisa ƙanƙara. A gulbi ake haihuwarsa, ya gangara teku tun yana ƙarami, ya yi shekara 3 zuwa 5 a can, sa'an nan ya komo gulbin da aka haife shi. Wani yana hawan fiye da kilomita 3,000. Mace ta haƙa tsakuwa da wutsiya, ta zuba ƙwai 2,000 zuwa 4,000, ta rufe. Bayan haka duk su mutu, mace da namiji. Haihuwa ɗaya tak gare su a duniya.

Masunta kuwa a ƙasan gulbi suke jiransa da taru, tun bai kai wurin haihuwa ba. Ka ga in aka bar kowa ya kama son ransa, shekara huɗu masu zuwa babu abin da zai komo. Saboda haka ma'aikatar kifi da namun daji ta Alaska take aje adadin da dole ya wuce masunta ya kai wurin haihuwa. Sai abin da ya yi rara ake bari a kama. A ƙananan rafuka masu ruwa garau, ana kafa shinge da ƴar ƙofa, ko a gina hasumiya mutum ya hau yana ƙirga su ɗaya ɗaya, ko a bi da jirgin sama. Amma shi Yukon ruwansa gurɓatacce ne kamar na gulbinmu da damina, ido ba ya gani. Don haka a wani ƙauye mai suna Pilot Station, kimanin kilomita 200 daga bakin teku, aka kafa na'ura mai aika sauti cikin ruwa tana jin amsa-kuwwar jikin kifi. Kusa da ita ana jefa tarun gwaji kullum don a san wane irin kifi ne ke wucewa. Ana kuma duba ɓawon jikin kifi a san shekarunsa, kamar yadda kake duba haƙoran saniya. Da wannan lissafi ake buɗe su ko a rufe shi cikin ƴan kwanaki, kuma dokarsu ta sa su na abincin gida gaba da su na kasuwa.

A 2021 abin ya zo da muni. Cam na farkon zuwa, wanda aka saba ƙirga wajen 1,600,000, sai aka ƙirga kimanin 153,000 kawai, alhali ana son aƙalla 500,000 su wuce. Aka rufe su gaba ɗaya, na kasuwa da na gida. Mutanen ƙauyukan gulbin sun sha wuya ƙwarai a shekarar. Masana sun fi ɗora laifin kan ɗumamar ruwan teku a shekarun da kifin ke ƙarami. A 2023 adadin ya haura 800,000, aka bar mutane suka kama na ci.

Ƙidaya ba ta haifar da kifi, kuma ba kullum masunci ne mai laifi ba. Amfaninta shi ne ta faɗa maka da wuri cewa bana shekarar riƙewa ce. Da ba su ƙirga ba, da ɗan abin da ya komo a 2021 ya ƙare cikin taru. Mu nan muna da sa'ar da ba su da ita: tarwaɗa da karfasa ba su mutuwa bayan haihuwa. Uwar da aka ƙyale bana, baɗi za ta sake haihuwa, kuma ta ƙara girma, ƙwanta ya ƙaru. Ba asara aka yi ba, ajiya ce.

To, mu da me za mu ƙirga?

Ba mu da na'ura, kuma ba lalle sai da ita ba. Tabkinmu ƙarami ne, mutum na iya kewaye shi da ƙafa. Abin da ake buƙata littafi ne, da alƙalami, da mutum biyu ko uku masu haƙuri waɗanda ba za su gaji ba bayan mako uku. A nan ne yawancin irin wannan aiki ke mutuwa, ba wajen rashin kayan aiki ba.

A fara da ruwa. A kafa sanda mai ƙarfi a wuri ɗaya, a yi mata zane taƙi taƙi. Ko wace safiya a rubuta inda ruwa ya kai. A rubuta ranar da sabon ruwa ya fara shigowa, da ranar da ya shiga ciyawar gefe, da ranar da ya fara janyewa. In ruwa ya zauna cikin ciyawa wata biyu, ƴaƴan kifi sun samu lokacin girma. In ya hau ya sauka cikin kwana goma, ƙwai da ƴaƴa da yawa sun bushe a tudu, ko su zama abincin balbela.

Sai cikin kifi. A wurin da jirage ke sauke kamu, sau biyu a mako, a ɗebi kifi kamar 20 na ko wane iri, yadda suka zo hannu, ba zaɓe. A auna tsawon ko wane da taƙi ko da ma'auni. A danna cikin mace a hankali daga sama zuwa ƙasa: in ƙwai ya ƙosa, zai fito da kansa. Mata masu suyar kifi da masu banda su ne malaman wannan fanni, domin su ke feɗe ciki kullum; a tambaye su. A rubuta: cikin 20, nawa ke da ƙosasshen ƙwai, nawa suka riga suka zubar, cikinsu ya saki. In masu ƙwai suna ƙaruwa mako bayan mako, haihuwa ta matso. In masu sakakken ciki suka rinjaya, ta wuce. Wannan lissafi ya fi a ce ranar kaza ga watan kaza za a rufe, don damina ba ta bin kalanda.

Sa'an nan tarun gwaji. Kalli guda ɗaya, ido iri ɗaya, wuri ɗaya, a sa da magariba a ɗaga da asuba, dare ɗaya ko biyu a mako. Abin da ya kama a rubuta. Kamun masunta duka ba ya nuna gaskiya, domin in kifi ya ragu sai su ƙara taru su daɗe cikin ruwa, kwandon ya cika kamar jiya. Amma kalli ɗaya da ba ya sauyawa ba ya ƙarya. In bana yana kawo rabin abin da ya kawo bara a irin wannan mako, akwai magana.

Akwai wata alama da ya kamata kowa ya ji tsoronta. In aka fara samun karfasa mai tsawon yatsa huɗu ɗauke da ƙwai, kada a ce albarka ce. Alama ce an kwashe manya, ko wuri ya yi musu ƙunci, ƙanana suna haihuwa tun ba su isa ba. Kamar ka shiga garke ne ka tarar ba babbar saniya ko ɗaya, sai karsana.

Inda idon makiyayi yake shigowa

Masunci da asuba yake fita, hankalinsa na kan tarunsa. Kai kuwa kana bin gefe, wurin da jirgi ba ya zuwa. Kai kake ganin sheƙar bargi, da ramukan karfasa, da gungun ƴan kifi baƙi ƙirin cikin ciyawa. Kai kake sanin wace fadama ruwa ya shiga, wace kuma yashi ya toshe bakinta. Kai kake ganin kududdufin da ya yanke daga tabki da ƴan kifi maƙil a ciki, wanda in an haƙa masa ƴar hanya ko an kwashe su da bokiti za su tsira. Faɗa wa mai littafi abin da ka gani, da wurin, da ranar. Ba sai ka iya rubutu ba.

Akwai kuma abin da ke hannunka kai tsaye. Da damina ruwa na ko'ina, garke ba ya rasa wurin sha. In dole sai tabki, a bi burtali zuwa mashayar da aka sani, kada a baza shanu cikin ciyawar gefe. Garke ɗaya in ya ratsa wurin haihuwa, ya tattake sheƙa, ya dama laka ta rufe ƙwai. Kuma kai ma ribarka ce: cikin ciyawar ruwan nan dodon koɗi yake, mai ɗauke da tsutsar ciwon hanta, kuma a nan dabba ke kwasarta. Mashaya mai tsabtataccen gefe ta fi lafiya. Kashin shanu da ke shiga ruwa daidai gwargwado ba laifi ba ne, taki ne, yana haifar da ƙananan halittun da karfasa ke ci.

Babban haɗari shi ne magani. Maganin kaska da na ƙuda da ake fesa wa dabba ko a zuba mata a gadon baya, da maganin ƙwarin wake da na lambu, yawancinsu dafi ne ga kifi, ko da kaɗan ne. Kada ka wanke famfon feshi ko galan a tabki. Kada ka yi wa dabba wankan magani a bakin ruwa, kada kuma ka shigar da ita ruwa a ranar da aka yi mata. A yi nesa, a haƙa rami a zuba ruwan wankin.

Hakkinka na shayar da dabba ba wanda zai taɓa shi. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 da dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 sun tabbatar wa makiyayi hanyar zuwa ruwa. Saboda haka in za a keɓe wurin haihuwar kifi, da kai za a zauna a shata shi, gaban hukumar kula da filaye, a bar mashaya a buɗe, a hana noma toshe burtali. Makiyayin da bai zo taron ba, shi za a yi wa iyaka a bayan idonsa. Ka je.

Abin da littafi zai sa a yanke

In an tara wannan bayani, masunta da sarkin ruwa da ma'aikatan gandun daji, da wakilan makiyaya da na mata masu sana'ar kifi, sai a zauna. Shawara ta farko ita ce ta bakin hanya. Lokacin da littafi ya nuna ƙwai ya ƙosa kuma ruwa na hawa, a ɗauke taru da gura da mamari daga mashigar ruwa da bakin fadamu, domin nan ne ƙofar da uwaye ke bi. Ba dole a rufe tabki duka ba. Mai ƙugiya a tsakiya yana iya neman na miya. A buɗe in masu sakakken ciki sun rinjaya. Hana su na ɗan lokaci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Argungu, Matan Fada a rufe yake duk shekara sai ranar bikin su, shi ya sa ake fito da giwan ruwa wanda mutum ɗaya ba ya ɗauka.

Shawara ta biyu ta kaka ce da rani, lokacin da dillalai ke zuwa daga Maradi. In ruwa ya daɗe cikin ciyawa, an ga ƴaƴa da yawa, tarun gwaji bai ragu ba, to a yi su yadda aka saba. In biyu daga cikin ukun nan sun gaza, a rage: a rage kwanakin su a mako, a tsai da karɓar baƙin jirage, a keɓe wuri mafi zurfi inda uwaye ke taruwa in ruwa ya janye, kada taru ya shiga. Wannan wuri mai zurfi shi ne rumbun iri. Da bazara kifi duk yana matse a can, kamunsa ba wuya, kuma lokacin ne aljihu ya fi bushewa. Shawarar tana da ɗaci, ba mu ɓoye ba. Shi ya sa a gare mu na ci a gida ya kamata a fara tsarewa, na kasuwa ya biyo baya. A irin wannan shekara ne kuma ya dace a nemi ma'aikata su kawo ƴan kifi a zuba, amma zubi ba ya amfani in gidan sauro na jiransu a bakin ruwa.

Maganar gidan sauro kuwa, an raba shi ne don zazzaɓi, ba don su ba. Yana kwashe har abin da bai kai farce ba. Tsohuwar dokar su ta 7 ga Disamba 1998 ta hana taru mai ido ƙasa da yatsa uku, ta hana dafi da nakiya da lantarki, magimfa ma dafi ce. Don sanin yadda ƙa'idar lasisi da ta tara take a bana, a tuntuɓi ma'aikacin gandun daji na Madarumfa.

Shekarar farko littafin ba zai faɗi abu mai yawa ba, don babu abin gwadawa da shi. Daga ta uku ake fara ganin bambanci tsakanin damina mai kyau da marar kyau. A ajiye shi hannun wanda kowa ya yarda da shi, a yi kwafi ɗaya a kai wa ma'aikata, a karanta shi a fili gaban jama'a ƙarshen ko wace damina. In kuwa wata safiya ka kai garke mashaya ka tarar da matattun kifi suna yawo bisa ruwa, kada ka bari dabbobi su sha, kada yara su kwasa. Juya garken, ka sanar da mai gari da likitan dabbobi a ranar, ka kuma faɗi ta wane gefe iska ta taro su.